Ganuwar Badaru

Da Badaru ya rasu, daga Safana har Batsari babu ƙauyen da bai aiko da ta'aziyya ba. Shi ne ya jagoranci masu bin Katsina a ƙasar Ruma, lokacin da rabin mutane suka karkata ga Maraɗi. Ya bi gari gari yana karɓar mubaya'a, ya kori na kora, ya kuma kewaye garinsu, Darini, da ganuwar da har yau ake kira da sunansa.

Ɗansa Muntaka yana zaune a ƙofar gida, dattawa sai yabon ganuwar nan suke, sai ga Hansai, wata tsohuwa mai saida daddawa, ta ratso maza ko zaninta ba ta gyara ba.

"Inna, mata suna ciki," in ji liman.

"Na san hanyar ciki, Malam. Wurin ɗan Badaru na zo." Ta tsaya a kansa. "Kai yaro, da wace ƙasa aka gina kusurwar gabas?"

Muntaka ya sani. Yana saurayi ya taka kwaɓin da ƙafarsa. Da ƙasar kududdufi ta ƙare, ubansa ya nuna makabartar masu bin Maraɗi ya ce a haƙa, wai waɗannan ba su da alfarma.

"Mijina Sammani yana ciki. An kwaɓa shi da ciyawa kamar kashin jaki. Kullum in na fita itace sai na wuce shi a tsaye, awaki na soshe jikinsu da shi. Ni na kusa tafiya. Ina za a sa ni? A liƙa ni a bango?"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Dattawan da suka ɗauki ƙasar a kansu lokacin ginin duk suka duƙufa kan tasbaha.

"A yafe wa mamaci, Inna," liman ya ce a hankali.

"Wanne daga ciki?"

Muntaka ya ji rawanin ubansa, da aka naɗa masa da safe, ya yi masa nauyi. In ya taɓa kusurwar, gobe duk ƙasar Ruma za ta san dalili. Ya kwance rawanin ya ajiye kan tabarma, ya shiga zaure ya fito da dagi da farin ƙyalle.

Bai iya kallon fuskarta ba. "Inna, ki nuna mini wurin."

"Ka fi ni saninsa," ta ce. "Wuce gaba."