Filakon Motar Jalo

Landkuruzar Jalo tsohuwa ce mai ja da ƙafa huɗu, amma wallahi hali gare ta. Yau ta kai shi ƙauye sayen shanu lafiya lau, gobe yana tsakiyar daji ta yi tari ta mutu murus. Sai ya ɗaga bonet, ya nemi inuwar aduwa, ya jira ta huce. In ta ga dama ta tashi.

Abin haushin, da ya kai ta garejin Kyari a Potiskum sai ta riƙa aiki sumul kamar sabuwa. Kyari Babarbare ne, Jalo Bafulatani, tsokana kuwa a tsakaninsu gado ce. An canja filogi, an wanke tanki, an sa sabuwar filta, duk a banza.

"Yo ai filako gare ta, irin naku," in ji Kyari. "Ciwo na cin ku, amma kunya ba za ta bar ku ku ce wayyo a gaban mutane ba. To ni me zan gyara?"

Ana tsakiyar damina, ran nan da hantsi, aka bugo wa Jalo waya: kububuwa ta sari mahaifiyarsa, Inna Hansatu, a gona can bayan Danchuwa. Tun da safe abin ya faru, tsohuwar nan ta yi gum, sai da ƙafa ta kumbura aka gani. Ruwa ya cinye hanya, ba motar da za ta shiga sai tasa.

Ya isa, ya ɗauko ta, jini na tsattsafo mata a dasashi. Suna cikin wani kwari, ruwa har gwiwa, motar ta yi tarin nan da ya sani. In ta mutu a nan, Inna ba za ta kai asibiti ba.

Sai tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa ƙofar motar, ta ce da Fulatanci, "Munyal." Wato haƙuri.

Ikon Allah! Motar ta haɗiye tarin. Ta yi gurnani, ta kama laka da ƙafafunta huɗu, ta haura. Jalo yana tuƙi yana salati. Ba ta sake ko tari ba sai a ƙofar asibiti. Nan motar ta mutu.

Da la'asar Kyari ya zo. Ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito riƙe da wayar famfon mai. Ashe ƙarfe ne ya daɗe yana goga ta a bayan tanki, har ya rage sili ɗaya tak, siriri kamar gashi, shi ma yanzu ya ƙone.

"Jalo, a kan wannan kuka zo?"

"A kansa."

"Inna fa?"

"An yi mata allura, jinin ya tsaya. Har ta sha fura."

"Ta yi kuka a hanya?"

"Ko nishi ban ji ba."

Jalo ya jira tsokanar da ya saba ji, amma ba ta zo ba. Kyari ya dubi wayar, ya dubi motar, idonsa ya ciko. Ya sa hannun rigarsa ya goge mata lakar da ta rufe fitila, ya ce a hankali, "Sannu, Hajiya."