Inci Ashirin da Shida

Ni tela ce, kuma abin da ban auna ba ban cika yarda da shi ba. Shi ya sa ranar da za mu sayen mota na rataya tef ɗina a wuya, Yaya yana ta hararata kamar na fito da zanin wanka.

Shekara huɗu ina tarin motar nan. Makarantu uku nake ɗinka wa kayan ɗalibai, kuma hanyar biyu daga cikinsu, in aka yi ruwa, ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara. Jif nake so, ta hannu, wadda za ta kwashi buhunan kaya ba ta yi mini kuka a rami ba. Dalilin da na faɗa wa kowa ke nan. Na biyun kuwa yana zaune a falonmu, wata goma sha huɗu bai taka ƙofar gida ba.

Babanmu ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma da sanda yana takawa a hankali, don haka ba ciwon ne ya kulle shi ba. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, tasin da ta kawo shi ƙasa-ƙasa ce, ya nutse a kujera ya kasa tashi. Mutum uku suka ciccibo shi kamar buhun gawayi, hularsa ta faɗa kwata, maƙwabta na tsaye suna ta sannu. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo a bakin kasuwa, ko maɓallin rigarsa ba a taɓa gani a buɗe ba! Yana shiga gida ya ce, "Ba a ƙara ɗaukata sai ranar da za a kai ni makwancina." Likita ta ce a riƙa kawo shi gashin ƙashi duk Talata, ya yi kunnen uwar shegu. Ƙafar tana ƙara sandarewa a kan idona, kuma tsoro nake ji sosai.

Kujera ɗaya ce a gidan yake tashi daga kanta ba da taimakon kowa ba, doguwar kujerar katakon da yake aiki a kai a da. Wata rana da hantsi na lallaɓa na auna ta daga ƙasa, na samu inci ashirin da shida.

A wurin sayar da motocin, dillali ya tarbe mu yana kaɗa makullai. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ya rungumi wata baƙa ƙatuwa mai kujerun fata.

"Ƙanwata, wannan ita ce mota. In kika tsaya da ita ƙofar makaranta, shugaban da kansa zai fito ɗaukar buhu."

Na durƙusa na ja tef daga ƙasa zuwa kujerar gaba. Talatin da uku.

"Wannan sai da tsani," na ce.

"Hajiya, labule za a ɗinka mata ne?" in ji dillalin, yana dariya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta biyu ja ce, kyakkyawa, amma ashirin da ɗaya ta ba ni, ramin tasin nan ke nan aka yi wa fenti. Na auna mota tara. Yaya ya gaji ya koma inuwa yana cewa an zo da shi a kunyata shi.

Can bayan fili, kusa da tulin tayoyi, akwai wata mai ruwan toka, ba kyau ba muni. Kujerunta na yadi ne, gilashinta da hannu ake murɗawa, rediyonta tasha ɗaya take kamawa. Na buɗe ƙofar, ta buɗe sosai, ga mariƙi mai ƙwari a samanta. Na ja tef sau biyu don kada zuciyata ta yi mini ƙarya, duka biyun ashirin da shida.

"Wannan kwalin ashanar?" in ji Yaya. "Don Allah ki rufa mini asiri."

"Yaya, kujerar aikin Baba ma ashirin da shida ce."

Ya dube ni, ya dubi tef ɗin. Shi da kansa ya kira bakanikensa, wanda ya kasa kunne ga injin, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce ba ta shan mai kuma kayan gyaranta ko'ina ana samu. Aibi ɗaya ya gano, agogon gabanta yana baya da awa uku. Na ce kada ya kuskura ya taɓa shi. Ita na saya.

Ranar Talata da safe na tsayar da ita daf da ƙofar gida, na bar ƙofar gaba a buɗe.

"Baba, agogon motar nan ya gagare mu."

"Ciro shi ki kawo."

"Ba ya ciruwa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara hularsa, ya jawo sanda. Yaya ya yunƙura zai kama shi, na damƙe masa riga. Taku goma sha ɗaya ne daga falo zuwa titi, na ƙirga su duka. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya ajiye abin da yake yi, ni kuwa har addu'a nake kada ya ce sannu.

Baba ya juya wa motar baya, ya kama mariƙin da hannun dama, ya zauna. Bai nutse ba, bai yi ɗage ba. Ya ɗago ƙafar hagu da hannunsa ya shigar da ita, ya ja ƙofa ya rufe da kansa. Ya murɗa gilas ƙasa, ya ɗaga wa mai shago hannu kamar jiya suka rabu. Agogon kuwa danna shi kawai ya yi da ɗan yatsa har ya zo daidai da na hannunsa.

"Lafiyarsa ƙalau, ke ma kin sani," ya ce. "Ranar da kike auna mini kujera kin ɗauka barci nake?"

Hawaye suka riƙa zubo mini a kan tef ɗin da ke wuyana.

"Ƙarfe nawa likitar nan ta ce?"

"Goma, Baba."

Ya dubi agogon da ya gyara. "Saura minti ashirin, kina tsaye kina jiƙa tef. Shigo mu tafi, ni ban taɓa makara ba."