Haɓon Gidan Barmo

Radiya na durƙushe a bakin murhu haɓo ya sake ɓalle mata, karo na uku tun safe. Ta matse hanci da gefen zane, ta kau da kai don kada ta ɓata wa mutane tuwo. Cikinta wata bakwai.

A Ollelewa kowa ya san haɓon gidan Barmo. Kaka ya yi, 'ya'ya sun yi, ga jikoki na yi. Maza har tinƙaho suke, wai jini ne ya yi musu yawa. Mijinta Attahir, ɗan wan babanta, shi ma yakan yi jefi-jefi, ya share da hannun riga ya wuce gona. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da matan zuriyar ke rasuwa da juna biyu, har da yayarta Kaltuma.

* * *

A likitar gari, ungozoma Madam Zuhaira ta duba jajayen ɗige-ɗigen da ke leɓenta da harshenta.

"Kina tari da jini?"

"Kwana biyun nan, Madam."

"Ciwon jijiyoyin jini ne na gado. In mace ta ɗau ciki, jikinta na fitar da sinadaran da ke sa jijiyoyin su saki, jini kuma ya ƙaru. Jijiyar huhunki nake tsoro, in ta fashe a nan ba abin da zan iya. Ki tafi babban asibitin Damagaram tun yanzu, can za ki haihu."

"Sai Malam ya yarda."

* * *

Attahir dariya ya yi, ba ta mugunta ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Damagaram don haɓo, ana tsakar girbi? Shekara arba'in ina yi, ga ni garas!"

"Malam, kai ba ka taɓa ɗaukar ciki ba."

"Ke, Radiya!" in ji surukarta daga bakin rumbu. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙuwar ungozoma ce za ta koya mana jinin gidanmu?"

Tsoro ya cika ta, ga shi ba ta da inda za ta kai ƙara. Gidan ubanta ma katanga ɗaya ce tsakani, amsar kuma ɗaya.

Da la'asar Attahir ya dawo da damin gero a ka, ɗigon jini biyu suka sauko masa daga hanci zuwa gemu. Nan da nan gida ya rikice: a shimfiɗa tabarma, a kawo mafici, sannu Malam, sannu.

"Radiya, ruwan sanyi! Maza!"

Ta miƙe da ƙyar. A bakin randa tari ya taso mata, ɗumi da gishiri suka cika bakinta. Ta waiga, duk idanu na kan Attahir. Ta haɗiye, ta kai masa ruwan.