Harshen Wuta a Cokali

Na ɗiga barasar a cokali, na kyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi, tana rawa a hankali har cokalin ya bushe. Na shinshina bakin kwalbar, na ɗanɗana a kan harshe. Sai na mayar da murfin, na jefa ta aljihun kwat ɗina.

Shekara arba'in da ɗaya ina dafa barasar inabi a ƙauyenmu. Tukunyar tagullar da ke bayan gidana ta kakanmu ce, kuma ni aka bar wa, ba ƙanena Stoil ba. Duk mai bikin aure ko na suna, ko mai sadakar mamaci, sai ya kawo mini kofi ya tsaya yana kallon hancina. In na ce ta yi, ta yi.

Sai Bilyana, 'yar Stoil, ta gama jami'a ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje a birnin Plovdiv. Tun daga nan kofuna suka daina zuwa. Mutane suka koma cusa 'yan kwalabe a jakarta duk ranar Lahadi, ta dawo musu da takarda mai lambobi. Tsoho Gancho, wanda ba ya iya karanta sunan kansa, ya manna tasa a jikin ganga kamar hoton waliyyi.

Ni ban haifi kowa ba. Stoil kuwa ko zancen taki ake yi sai ya sako "Bilyana ta ce".

* * *

A bara ƙanƙara ta kashe inabi saura sati uku a tsinke, ga auren ɗan Stoil ya matso, baƙi ɗari biyu. Wani mai farar mota da ke zagaya ƙauyuka ya sauke wa Stoil barasa jarka huɗu, ya ce daga masana'anta ya samo, a sirka da ruwa kawai. Rabin ƙauyukan kwarin nan wurinsa suke saye, kowa ya sani, ba mai tambaya.

Ranar Lahadi muna cin gasasshen tattasai da cuku a ƙarƙashin rumfa, Bilyana ta ga jarkokin.

"Baba, kar kowa ya sa wannan a baki sai na auna."

"Ga Baffanki Dobrin nan zaune," in ji uwarta. "Hancinsa ya girme ki."

"Hanci ba ya jin wannan, Mama." Ta ɗauki ƙwayar zaitun biyu ta ajiye, ta ware ɗaya gefe. "Barasar inabi ƙwayar sinadarin gawayi biyu gare ta. Akwai ƙanwarta mai ƙwaya ɗaya, ta wanke fenti. Kamarsu ɗaya, ƙanshinsu kusan ɗaya. Hanta ce kaɗai ke bambanta su."

"To, sai mu aika miki da hantarmu a ambulan," na ce.

Aka yi dariya. Stoil ya fi kowa, amma yana dariyar yana shafa kanta.

"Baffa, kai dai ba ka tsufa," ta ce. Motar da za ta hau ta iso kafin a samo kwalbar da za a zuba mata. Ta leƙo ta taga. "Baba, ka aiko mini da ita cikin satin nan!"

Ranar Talata zan je Plovdiv ganin likitan gwiwa. Stoil ya kawo 'yar kwalba har gida.

"Yaya, ka miƙa mata. Ba don na raina ka ba."

"Wa ya ce ka raina ni?"

Yana fita na ɗauko cokali. Haka kakanmu ya koya mini: shuɗiyar wuta lafiya, rawaya guba.

Na je Plovdiv, na ga likita. Na tsaya a gaban ginin da take aiki, ina kallon yara sanye da fararen riguna suna shiga da fita ta ƙofar gilashi. Zan tsaya a gaban mai gadi, hula a hannu, in ce na kawo wa 'yar ƙanena aikina ta duba? Na tsallaka titi na sha kofi.

Da la'asar Stoil na jirana a tasha.

"Me ta ce?"

"Ta ce lafiya lau."

"Ka gani! Da ita da hancinka bakinku ɗaya."

* * *

A wurinmu uban ango ne ke fara buɗe barasar biki, shi da babban wansa, kafin baƙo ya taɓa. Ranar Alhamis da rana muka zauna. Na sha kofi ɗaya, na ji ba ta da rai, ba ƙanshin ƙasa, ba na ganga. Na tafi gida na wanke bakina da tawa, ta shekara bakwai, na yi ta sha don haushi har rana ta faɗi. Stoil ya zauna da tasa shi kaɗai, yana murna.

Washegari da hantsi matarsa ta buga mini ƙofa. Na same shi a tsakar gida yana riƙe da ciki, yana haki.

"Yaya, dusar ƙanƙara ake yi? A watan tara?"

Rana tana sama, tas.

A asibiti, kwana biyu yana jone da na'ura ana wanke jininsa. Ya rayu, amma ya makance. Bilyana ta same ni a baranda, idonta ya kumbura.

"Baffa, kai ma ka sha. Me ka ci bayan nan?"

"Tawa na sha."

"Ita ta cece ka." Ta share hanci. "Hanta ce ke juya waccan ta zama irin dafin da ke bakin tururuwa, shi ke cin jijiyar ido. In ta samu ta inabi, ita take fara kamawa, ta bar waccan ta fita a fitsari. Da Baba ya biyo ka gida…"

"A cokali shuɗiya take ci," na ce.

"Dukansu shuɗi suke ci, Baffa."

Muka shiga ɗakin. Ta durƙusa a gefen gado, ta kama hannunsa.

"Baba, don me ba ka aiko mini ba? Na ce ka aiko!"

Stoil ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye, kamar yana gani. Na ji nauyin kwalbar a aljihuna.

"Mantawa na yi, 'yata," ya ce.

Ta kifa kai a ƙirjinsa tana kuka, yana shafa gashinta. Allah ya sani, a wannan lokacin ma, abin da ya fara zo mini shi ne ni ba wanda zai yi mini irin kukan nan.

* * *

An yi biki da lemo da giyar kanti. Jarkokin nan 'yan sanda suka kwashe. Mai farar mota, an ce yanzu shuɗiya yake ja, yana can ƙauyukan bayan dutse.

Kullum da safe ni ke kai Stoil gona. Yana son ya taɓa ganyen inabi ya faɗi ko suna jin ƙishi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Yana riƙe ni ta hagu, gefen aljihun.

Jiya muna sauka gangare ya yi tuntuɓe, ya cafki kwat ɗina. Yatsunsa suka tsaya a kan kwalbar. Ya laluba murfin, ya laluba gindin.

"Har yanzu a cike take," ya ce.

Ya gyara mini bakin aljihun, ya mayar da hannunsa gwiwar hannuna.

"Mu je, Yaya. Ka kula da dutsen nan na gaba."