Tarun Zubair Ya Sha Ruwa

A ƙauyensu Ikilima, can bakin dam ɗin Challawa ta ɓangaren Karaye, masunta suna da wata doka da ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Ranar da aka buɗe ruwa bayan damina, duk mai gurbi a gaɓa sai tarunsa ya jiƙe kafin azahar. Wanda nasa bai sha ruwa ba, shi ke nan, a cire turkensa a ba wani wurin.

Gurbin mijinta Zubair kuwa shi ne na gindin kanya, inda kifi ke taruwa. Ubansa ne ya kafa turken tun da aka tare ruwan. To shi Zubair shekara biyu ke nan yana Sifaniya, yana aiki a jirgin kamun kifi. Ya tafi ya bar ta da cikin Adawiyya, ga yarinya har ta fara tafiya tana ɓarna. Bara wansa Shitu ne ya tsoma masa tarun. Bana da Ikilima ta sauko da shi daga rumbu, saura kwana goma sha biyu a buɗe ruwa, sai da ta yi salati. Ɓeraye sun yi biki a ciki! Wata ɓular ma akuya sai ta wuce ba ta sunkuya ba.

Mai ɗinkin taru ɗaya ne a garin, Ɗanmaliki, kuma kowa ya san gindin kanyar nan yake hange. Ya juya tarun da ƙafa ya ce, "Wannan ai sai dai a rufe kaji da shi."

Shitu ma ya ce, "Ke Ikilima, ki haƙura. Ni manomin gyaɗa ne, ban san kan zare ba. Shi mai wurin yana can yana cin burodin Turawa."

"Yaya Shitu, burodin zai ci har ya mutu? Ai dawowa zai yi. Ya dawo ya tsaya a ina?"

Washegari da hantsi ta hau tudun bayan makaranta, inda waya ke kamawa, ta kira Zubair ta bidiyo. Ranar ba su fita teku ba. Ya ga idonta ya yi ja, sai ya ce, "Maman Adawiyya, share hawayenki, zo in zaga da ke gari."

Garin ɗan ƙarami ne, wallahi bai kai Rogo ba, sunansa ma ya ƙi zama a bakinta. Amma abin kallo! Gidaje farare sun hau dutse, wani a kan wani. Ga wata doguwar hasumiya mai fitila a ka, wai ita ke nuna wa jirage hanyar gida. Ga tsohuwar ganuwa da igwa duk ta yi tsatsa, wai da can da ita suke korar 'yan fashin teku. Ya leƙa da ita wani gidan tarihi, ta ga haƙarƙarin kifi ya fi motar Kano tsawo. Ya nuna mata bango cike da sunaye, ya ce waɗanda teku ta ci ne, kaka da jika, shekara ɗaruruwa. Nan ta ce ya wuce da sauri, ba ta so.

Yana juya wayar ta ce, "Tsaya! Koma baya. Waccan fa?"

Mutum-mutumin wata mata ne a zaune, taru a cinyarta. A gefensa kuma ga mata na gaske su huɗu a kan kujeru, sun shimfiɗa taru a ƙasa suna ta ɗinki suna hira.

"Au, nan ai mata ne ke ɗinka shi," in ji Zubair. "Tun kakanninsu. Maza su yaga, mata su ɗinke."

"Har gunki aka yi musu? Kai ni wajen waccan tsohuwar."

Sunanta Pilar, Ikilima ta sa mata Iya Pilar. Ba Hausa, ba Turanci, sai hannu. Tsohuwar ta ɗaga wata allura mai faɗi ta nuna. Ikilima ta koma gida ta feƙe irinta da gora, ta sayo zare ranar kasuwar Karaye. Zubair ya karɓo mata lambar tsohuwar. Kullum da hantsi tana kan tudu suna bidiyo, goyo a baya, taru a babban yatsan ƙafa. In ta yi ƙullin banza, Iya Pilar ta kaɗa yatsa ta yi ta faɗa da yarensu, kai ka ce uwar miji ce. Ƙullin nasu sau biyu ake zagayawa, ba ya zamewa. Yatsun Ikilima suka fashe, tuwo ya ƙone sau uku, matan gari suna ta ce mata ta zama namiji. Ta ce su faɗa, bakinsu ne.

Ranar buɗe ruwa ta ɗora tarun a ka ta nufi gaɓa. Maza na ganinta sai dariya ta ɓarke. Ɗanmaliki har ya riga ya jingine sabon turke a gindin kanya.

Ya ce wa Sarkin ruwa, "Ranka ya daɗe, tarun da mace ta ɗinka korar kifi yake. Ba a taɓa yi ba."

Ikilima ta durƙusa ta gaida Sarki, sannan ta ce, "Baba, ni ban yi karatu mai nisa ba, a aji biyar na tsaya. A faɗa min dokar in ji. Cewa aka yi taru ya jiƙe, ko cewa aka yi namiji ya ɗinka?"

Sarkin ruwa ya sa yatsu biyu a idon tarun ya ja. Ya sake ja da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙulli ko gezau.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wata tsohuwa ce a bakin teku. Kifin garinsu, Baba, haƙarƙarinsa kaɗai ya fi motar Kano, kuma bai gudu don mace ta taɓa zare ba."

Sarki ya gyara murya ya ce, "Doka dai cewa ta yi ya jiƙe. To wa zai shigar?"

Ba wanda ya motsa. Ikilima ta kwance goyo ta danƙa wa Shitu a hannu, ta tamke zani, ta ja bakin tarun ta faɗa ruwa. Ruwa ya kawo mata gwiwa, ya kawo ƙugu. Adawiyya ta tsala ihu tana miƙa hannu. Shitu ya dubi 'yar ƙaninsa, ya dubi mutane, kunya ta rufe shi. Ya miƙa wa Sarkin ruwa yarinyar, Sarki guda fa, ya tuɓe riga ya kama ɗaya bakin.

Da suka jawo, karfasa bakwai ne a ciki da wani tsohon silifa. Bakwai ɗin nan kuwa duk suna ɓangaren da ta ɗinka.

Sarki ya ce, yana jijjiga Adawiyya a kafaɗa, "Ɗanmaliki, ɗauke itacenka. Gurbi na Zubair ne."

Ɗanmaliki ya sunkuya zai ɗauka, amma idonsa na kan ƙullin. Ikilima tana matse bakin zani ta ce, "Kalla da kyau, Baba Ɗanmaliki, sau biyu ake zagayawa."

Ta karɓi 'yarta, ta ɗauki kifi mafi girma ta wutsiya, ta nufi tudun bayan makaranta a jiƙe. Iya Pilar tana can tana jiran labari.