Gaɗar da Gaisuwa Ta Cinye

Wata uku Kouloussoum ta yi tana koya wa 'yan mata shida gaɗa a falonta da ke High Point Road, har maƙwabcin da ke ƙasa ya gaji da buga musu silin da sanda. Ba rashin abin yi ba ne, don kullum da kumburarrun ƙafafu take dawowa daga wankin zannuwa a otal. Saboda 'yarta Houda take yi. Yarinyar shekararta tara, a nan Greensboro aka haife ta, kuma in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci, ko a jikinta. In aka kira Maraɗi aka miƙa mata waya, daga "Sannu Inna" ta ƙare. Kakar kuwa ta daina ɓoyewa. "Ni ba ni da jika a Amirka," in ji ta, "Baturiya kuka haifa."

Maganar nan ta tsaya wa Kouloussoum a rai. Shi ya sa da Perpetua, wata nas 'yar Filato da ke taimakawa a ƙaramar tashar talabijin ta cikin gari, ta ce ta samo musu fili a shirin wasannin yara, Kouloussoum ta rungume ta. Ranar Asabar ƙarfe huɗu, kai tsaye, minti ashirin da takwas, kuma za a ba su kaset su aika gida. Houda ce za ta ba da waƙa, sauran su amsa. Da lallashi da kuka da barazana ta haddace waƙoƙi uku.

Kuskuren Kouloussoum ɗaya ne, kuma ladabi ne ya jawo mata. Ta ga bai kyautu a shiga tele manya ba su sani ba, sai ta gaya wa Alhaji Maazou, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar.

Ranar Asabar sai ga shi da mutum huɗu, kowa cikin babbar riga, ƙamshin turare ya riga su shiga. Ɗakin ɗaukar shirin kuwa bai fi shagon tela ba.

"Anti, waɗannan fa?" in ji Perpetua a kunnen Kouloussoum. "Live ne fa, ba a ƙara ko second ɗaya."

"Albarka kawai za su sa mana. Minti biyu."

Jar fitila ta kama a kan kyamara. Malam Issaka, limamin ƙungiya, ya buɗe da addu'a. Ba a cewa addu'a ta yi tsawo, don haka Kouloussoum ba ta ce ba, amma ta dubi agogon bango. Minti biyar sun tafi.

Sai Alhaji Maazou ya karɓi makirufo, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya. "Bon. Kafin komai, ina miƙa gaisuwa."

Tashar nan da ƙyar take kaiwa garin Summerfield da ke nan kusa, amma Alhaji ya gai da mutanen Damagaram. Ya gai da na Tasawa, unguwa-unguwa. Ya gai da surukinsa, ya gai da wanda ya koya masa tuƙi, ya gai da wani Seydou mai faci da shi kansa bai tabbata yana raye ba. Perpetua ta ɗaga masa yatsu goma daga bayan kyamara, tana nuna agogo. Ya yi mata murmushi.

"Da 'yar'uwarmu Madam Perpetua, ga ta can tana ɗaga mana hannu. Allah ya bar zumunci."

Kouloussoum ji ta yi kamar ta kurma ihu. Wai mutum da gemunsa a gayyace shi kallon wasan yara, ya zo ya zauna a kan wasan! Yaran suna tsaye a gefe cikin zannuwan da ta ɗinka musu, fitilu suna gasa su, kwalli ya fara bin kumatu. Houda tana ta motsa baki tana maimaita waƙarta don kada ta gudu.

Alhaji ya gama, ya miƙa wa mataimakinsa, don ai ba a kawo mutum tele a hana shi magana. Shi ma yana da dangi.

Da Perpetua ta ɗaga yatsu uku, Kouloussoum ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta ratsa gaban manyan maza, ta ɗan russuna, ta zare makirufo daga hannun mataimakin yana tsakiyar sunan wata gwaggo. Kalma biyu ta shirya faɗa: ga yaranmu.

Sai ta ɗaga kai ta dubi idon kyamara. A nan ne ta tuna cewa Inna za ta zauna a tabarma ta ga wannan fuskar, fuskar da rabonta da ganinta shekara goma sha ɗaya. Yaya za a yi ta bayyana a gaban uwar da ta haife ta, ta wuce ba gaisuwa?

"Inna, ina wuni," ta ce. "Ina gajiya, yaya ƙafar?"

To, in ta gai da Inna ta bar yaya Laouali, ai ta ja wa kanta magana har ƙarshen duniya. Ta gaishe shi. Ga Fourera da mijinta ya rasu bara, ba ta yi mata ta'aziyya ido da ido ba. Ta yi mata. Ga su Alhaji a zaune, ta ƙwace musu makirufo, ko ba komai a gode musu. Tana jin Perpetua tana kiran "Anti! Anti!" ƙasa-ƙasa, tana jin bakinta yana ci gaba.

"Houda, bismilla!" ta ce daga ƙarshe.

'Yan matan suka ja da baya suka yi rabin da'ira. Houda ta fito tsakiya, ta ɗaga hannuwa, ta ja numfashi. Tafi ɗaya suka yi, jar fitilar ta mutu. A allon da ke gefe wani dattijon Bature ya bayyana yana koya wa mutane dashen tumatir.

"Wallahi shiri ya yi kyau," in ji Alhaji Maazou yana miƙewa. "A ba ni kaset ɗaya."

Houda tana nan tsaye a inda take, hannuwanta ba su gama sauka ba. Ta dubi uwarta, idonta ya cika, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma, ba ko ɗigon Turanci.

"Mama, kin ce yau ni zan yi wa Inna waƙa."

Hausa ce tsaf, ko a Maraɗi ba wanda zai gyara mata. Kouloussoum ta juya da sauri wajen kyamara. Mai ɗaukar hoton ya riga ya rufe ta, yana naɗe wayoyinsa.