Wendell Ya Mai da Ɗansa Aji Takwas

Wendell Scruggs ya yi ƙarya. Ba irin wadda ke kuɓuce wa mutum daga baki ba ce, ya koma gida yana cizon yatsa. Zama ya yi a teburin cin abinci, ya ɗauki biro, ya rubuta ta a fom, ya sa hannu, sannan ya ƙara "Hedimasta" a ƙarƙashin sunansa. Na faɗa masa haka ido da ido, saboda haka ba da bayansa nake yi ba.

Mu gida goma sha huɗu ne a wannan yanki na jihar Tennessee ta Amurka da muke koyar da 'ya'yanmu a gida. Ranar Talata kawai muke haɗuwa a zauren cocinmu, kowace uwa ta ɗauki darasin da ta fi iyawa. Ni Orval Tackett, sana'ata gyaran tarakta, 'ya'yana sun girma sun watse, sai aka ba ni horar da yara gudu. Ina da shekara goma sha biyar na bar makaranta. Abin da na sani a ɗakin karatu na gari na tsince shi, da littattafan gyaran inji. Ba wanda ya taɓa ba ni takardar shaida, shi ya sa nake ganin girman takarda fiye da waɗanda suka same ta cikin sauƙi.

Shekara uku na yi ina roƙon ƙungiyar wasanni ta ƙananan makarantun yankinmu su bar yaranmu su shiga tserensu. Sakatariyar ƙungiyar, Misis Bledsoe, tsohuwar malamar lissafi ce, ba ta dariya sai da dalili. Bana ta yarda, amma gwaji na shekara ɗaya, kuma tseren ƙanana kaɗai, 'yan aji shida zuwa takwas, wato masu shekara goma sha ɗaya zuwa sha huɗu. Ta ce mini makaranta tana da ofis, ofis yana da rajista, mu kuwa ajin yaro shi ne abin da ubansa ya faɗa.

"Kuskure ɗaya, Mista Tackett," in ji ta, "ku koma tsere a bayan gonar masara."

Yara goma sha ɗaya na samu. Biyu daga gidan Scruggs suke, waɗanda suka ƙauro daga jihar Ohio da bazara: Gideon da ƙanwarsa Tabitha. Tabitha shekararta goma sha uku, siririya, tun watan Yuni take tashi da safe ta yi gudu zuwa gadar rafi ta dawo kafin karin kumallo, ba wanda ya sa ta.

Uwarsu Darla 'ya'ya bakwai gare ta, kuma ita kaɗai ce makarantar. A bangon kicin ɗinta akwai kalanda mai faɗin ƙofa, kowane yaro da launin birosa. In Satumba ta shigo, farar takarda ba ta ganuwa a jikinta. Darasi daga takwas zuwa azahar. Tagwayenta suna ƙwallon ƙafa Litinin da Asabar. 'Yarta Keturah tana kiwon akuyar da za ta kai baje kolin noma na gunduma, ga kuma darasin kiɗan fiyano. Tuffa ta nuna, a je a tsinko kwando shida, a dafa, a rufe a kwalabe kafin ta lalace. 'Ya'ya uku aka haifa tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, ga kakarsu za ta cika tamanin, sai Darla ta haɗa bukukuwan huɗu a yammacin Asabar guda, ta ce ba ta da tanda huɗu. Cikin wannan duka aiki ɗaya tak ta ba mijinta. Ta ce ya cike fom ɗin tsere.

Wendell kwanon rufi yake sayarwa, bakinsa ba ya hutawa. Iyaye maza a cikinmu sukan kira kansu hedimasta don wasa. Shi da gaske yake yi, har hatimi ya sa aka sassaƙa masa.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ranar farko da na ga Gideon, kafaɗarsa ta kai tawa, na tambaye shi aji nawa yake.

"A wane darasi, yallaɓai?" ya ce.

To, haka yaranmu suke amsawa. Yaro yana aji tara a karatu, aji bakwai a lissafi, a tarihi kuma sai an tambayi uwarsa. Na duba fom, na ga aji takwas da hatimi, na bar maganar.

A tseren farko, mil biyu, Gideon ya iso ya sha ruwa, ya ci ayaba, ya kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurawa, sannan na biyu ya ɓullo daga kwana. Wani uba daga makarantar cocin Methodist ya matso kusa da ni, ya tambaye ni ko ɗan namu ya zo da iyalinsa. Wendell ya ji, ya yi dariya, ya ce madarar akuya ce, kowa ya gwada.

A tsere na biyu na je ɗauko ruwa a mota, na tarar da Wendell ya tsayar da yaron bayan a-kori-kurarsa yana bin haɓarsa da injin aski. Da ya gan ni ya cusa injin a aljihu, injin na ci gaba da kuka a ciki.

"Ɗan'uwa Wendell, yaron nan shekararsa nawa?"

"Fom aji ya tambaya, Orval. Ka ga inda aka rubuta shekara?"

Mutumin da aka tambayi shekarar ɗansa ya amsa da tambaya, ya riga ya ba da amsa. Na ƙudurta zan tambayi Darla ranar Talata. Ranar Talata na same ta tana koyar da harshen Latin da jariri a kafaɗa, tagwaye suna rigima a kan almakashi, wata mata tana jiranta a ƙofa da murafen kwalabe. Na ce ina da magana, ta ce in zo biki ranar Asabar da yamma, in kawo kujeru. Na bari sai Asabar. Wannan ragwanci ne, kuma na amsa shi.

Asabar ɗin farko ta Oktoba ita ce tseren ƙarshe, da ƙarfe goma, a filin shaƙatawa na gunduma. Ita ce kuma ranar alƙalancin awaki, da wasan tagwaye, da bikin nan mai kai huɗu. Tsarin shi ne Wendell ya kai Keturah da akuya da sassafe, ya dawo ya ɗauki masu gudu. Amma alƙalin awaki ya makara. Ƙarfe tara ta yi Wendell yana riƙe da igiyar akuya, Darla kuma tana bakin ƙofa da tagwaye sanye da rigunan ƙwallo. Abin da ban sani ba shi ne Gideon ya cika goma sha shida ranar Laraba, ranar Alhamis kuma uwarsa ta kai shi ya ci jarrabawar tuƙi. Shekara goma sha shida matar nan take jiran direba na biyu a gidanta da rana, lokacin da Wendell yake wajen aiki. Ta miƙa masa makullin babbar motarsu mai kujera goma sha biyu, ta aika wa mijinta saƙo cewa kada ya damu, ta warware.

Ina tsaye kusa da teburin rajista na ga farar motar ta shigo a hankali kamar ta ɗauko ƙwai. Ta kunna sigina, ko da yake babu kowa a bayanta. Sau uku tana ja da baya tana gyarawa, har ta daidaita tsakanin layuka, daidai gefen teburin Misis Bledsoe. Tabitha ta fito ta ƙofar fasinja. Gideon ya fito ta ƙofar direba, lambar tseren ƙanana maƙale a ƙirjinsa, ya kulle mota, ya ja hannun ƙofar ya tabbatar.

Misis Bledsoe ta tashi, ta leƙa ta taga tana neman babba. Babu kowa sai kujerar jariri da kabewa biyu.

"Saurayi, ina babanka?"

"Yana wajen akuya, ranki ya daɗe."

"To wa ya tuƙo ku?"

"Ni ne." Ya ciro lasisin yana murmushi, ya miƙa mata da hannu biyu. "Sau ɗaya na yi jarrabawar."

Ta karanta ranar haihuwa. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, ba ta nemi fensir ba. Ta juyo ta kira ni da cikakken sunana.

Na gaya mata gaskiya: na yi zargi, ban bi diddigi ba. Ta ce da kyau da na faɗa, amma daga yanzu ba ta yarda da fom ko ɗaya daga wajenmu ba, kuma yaronmu ko ɗaya ba zai taka layi ba sai ta ga shaida. Tseren 'yan mata saura minti ashirin da biyar. Tabitha ta riga ta cire rigar sanyi. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta kalli yayanta.

"Kai ko gemunka bai gaya maka ba?"

Gideon ya ce Baba ne ya ce an ba da izini na musamman, tunda babu tseren manya. Yaron bai yi ƙarya ba, an dai yi ta da ƙafafunsa. Na buga wa iyayen waya, su biyun.

Wendell ya fara isowa, akuya a bayan a-kori-kura da jan ƙyallen da ake ba wadda ta zo ta biyu a wuyanta, ciyawa a gashinsa. Bai ko gaisa ba ya hau bayani. Ya ce a tsarin karatun gida aji abu ne mai sassauci. Ya ce shi ne hedimasta, doka ta ba shi ikon ajiye ɗalibi inda ya ga ya dace. Ya ce a lissafi dai yaron aji takwas yake, kowa ya gwada shi. Yana cikin wannan jimlar Darla ta iso a bayansa a ƙaramar motarsu, tagwaye biye da ita da takalman ƙwallo.

"Sake faɗa," ta ce.

"Masoyiya, ina nufin a takarda ne kawai."

"Aji takwas a lissafi. Wendell, shekara biyu na yi ina koyon aljabara da kaina a bakin tukunya don in koya wa yaron nan. Na yi kuka a kan littafin nan. Yana aji goma sha ɗaya. Ka zauna a teburina, da birona, ka share mini shekara uku?"

"Lambar yabo biyu fa ya ciyo."

"Daga hannun yaran da haƙoransu ba su gama fitowa ba."

Akuyar ta yi kuka. Ba wanda ya yi dariya sai uban nan na makarantar Methodist.

Darla ta koma mota ta ɗauko wani shuɗin fayil mai kaurin bulo, wanda ba ta fita ba tare da shi ba. Takardun haihuwa, na rigakafi, sakamakon jarrabawa, kowane ɗa da sashensa. Ta buɗe na Tabitha ta ajiye a gaban Misis Bledsoe. Sannan ta bi sauran iyaye mata ɗaya bayan ɗaya. Uku suka samo hoton takardar haihuwar 'ya'yansu mata a waya. Iyayen 'yan mazan ba su samu cikin lokaci ba. Misis Bledsoe ta duba agogo, ta ce 'yan mata huɗu su je layi. Maza shida suka cire lambobinsu suka zauna a ciyawa, har da wani ɗan aji shida da kakansa ya yi tafiyar awa biyu don ya ga gudunsa. Na sa Wendell ya je ya gaya wa tsohon dalili da bakinsa.

Tabitha ta zo ta huɗu cikin arba'in da ɗaya. Uku na farko ake ba lambar yabo. Ta ce tudun ƙarshe ne ya cinye ta, baɗi za ta san da shi, sannan ta tambaye ni ko akwai baɗin. Na ce ban sani ba.

Da yamma na kai kujerun. An kunna kyandir goma sha shida a kan kek ɗin Gideon. Kakar, wadda ba a gaya wa komai ba, ta ƙirga su da yatsa, ta ce oh, jiya-jiya aka haife shi. Wendell ya ce zai je ya duba akuya.

Ƙungiyar ta zauna ranar Alhamis. An soke sakamakon Gideon duka, ya mayar da lambobin yabon biyu da kansa, shi ya tuƙa kansa. Ba a kore mu ba, amma an ƙara mana shekara guda ta gwaji, kuma kowane fom sai da takardar haihuwa a manne. Baɗi Tabitha ta wuce tseren ƙanana, za ta yi gudu in an bar mu mu shiga na manya, ana kan maganar.

Wendell kuwa, an hana shi taka filin tsere shekara biyu. Darla ta karɓe hatimin, ita ke sa hannu yanzu. Iyaye mata goma sha huɗu sun kaɗa ƙuri'a, ba wadda ta ƙi: kowace Talata daga tara zuwa azahar, har watan Mayu, shi ke tsaron ɗakin jarirai a coci yayin da ake darasi. Su tara ne, shida suna cikin kunzugu.